Wasiƙa daga Liyon a kan kwalin maganin Inna

Yaya, bayan gaisuwa da fatan alheri, ka gaida Inna, ka ce mata tarin da sanyin bana ya saka min ya sake ni. Shi ne ma ya kai ni farmasi, inda na ga abin da nake so in ba ka labari.

A nan kusan duk maganin da likita ya rubuta, kwalinsa na ɗauke da ɗan tambari mai kusurwa huɗu, ɗigo-ɗigo baƙi da fari, bai fi farcen babban yatsa ba. Bakin kwalin kuma a liƙe yake, in an taɓa buɗewa sai an gane. Matar farmasin ba ta miƙo min ba sai da ta haska tambarin da na'ura. Da na tambaya, ta ce doka ce a Tarayyar Turai tun 9 ga Fabrairu 2019. Tambarin yana ɗauke da lambar maganin, da lambar rukunin da aka haɗa shi, da ranar lalacewarsa, da wata lamba da kwalin nan kaɗai ke da ita. Kamfani yana zuba lambobin a babban rumbu na intanet, in an sayar da kwali sai a kashe lambarsa. Ranar da wani kwali ya zo da lambar da aka riga aka kashe, na'ura za ta tona shi.

Ina tsaye a wurin, maganin hawan jinin Inna ya faɗo min a rai, wanda muka saya a faranti a kasuwar Garwa. Wata uku tana sha, jiri bai bar ta ba, sai da likita ya juya kwalin ya ce jabu ne. Ni na saya da hannuna, Yaya, kuma har yau abin yana ci min rai. Ba mu kaɗai ba ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe irin namu jabu ne ko mara inganci, a 2020 kuma ta yi gargaɗi kan jabun kulorokwin da aka gano a Kamaru.

To amma tsarin nasu da intanet yake tafiya. Mu da sabis ke ɗaukewa da ka bar kwalta, wuta kuma sai ta ga dama, yaya za mu yi? Amsar a jikin takardar harajina na gan ta. Faransa tana buga mata wani tambari da suke kira 2D-Doc, mai sa hannun kwamfuta a ciki, kamar wanda ke kan shaidar rigakafin korona ta 2021. Mabuɗi biyu ne. Na sirri yana hannun mai bugawa, da shi yake sa hannu. Na fili kowa na iya ajiye shi a waya, da shi ake tantancewa. Kamar hatimin Lamiɗo ne a kan wasiƙa, kowa ya san shi, amma ba kowa ke da shi ba. Da za a sa irinsa a kwalin magani, in aka sauya ko harafi ɗaya, a ce an ƙara wa ranar lalacewa shekara, sa hannun ya ɓaci, waya kuma za ta gane ko babu sabis. Abin da ba ya hanawa shi ne ɓarawo ya kwafi tambari mai kyau ya manna a kwali dubu. Wannan sai rumbun nan ne zai kama shi, don haka dole a haɗa biyun. Ka san irin tambarin da ke kan maganin Najeriya da ke shigo mana ta Yola da Mubi, wanda ake kankarewa a tura lambar ta saƙon waya; NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta fara shi tun 2010.

Abin da ya fi damuna shi ne mu ba kwali muke saya ba. Kati ɗaya muke saya, wani lokaci ƙwaya biyu a ƙulle a leda. Kwalin yana can wurin mai faranti, ko yara sun yi mota da shi. In dai tambarin bai sauko kan katin ba, mai sefa ɗari biyu bai amfana da komai ba.

Kada ka ce komai na nan ya fi namu. Ganin likita kan ɗauki makonni, a sanyin 2022 amoksisilin na yara ya yi wuyar samu, kuma ba wanda zai ba ka magani bashi don ya san mahaifinka.

Na turo kuɗin wata uku. Don Allah ka je farmasi da takardar likita, ka sayi cikakken kwali a liƙe, ka duba ranar lalacewa, ka turo min hoton gaba da bayansa kafin Inna ta fara sha.