Allogalathea ko Lauriea: ka dubi goshi kafin launi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya wanne za ka saya cikin lobsta masu tsuguno biyu, wato ƙananan halittun teku masu ɓawo da awartaki, dangin ƙaguwa. Cikin lobsta masu tsuguno biyun da aka yi maka tayi don tankinka na ruwan gishiri, mai ratsi-ratsin da mai sayarwa ya kira Allogalathea elegans da mai gashin nan ruwan hoda, Lauriea siagiani, ɗauki mai ratsin. Sai dai kafin ka biya ka tabbata shi ɗin ne, don ba duk mai ratsi ba ne elegans.

Ina da mai ratsin a tankina, kuma cikin duk abin da ke ciki babu wanda ya kai shi shiga raina. Baƙi ne da farin layi biyu daga goshi har wutsiya, tsawonsa bai wuce santimita 2 ba. Da farko ko ƙeyarsa ba na gani sai an kashe fitila. Daga baya ya kama wani rami a ƙarƙashin dutse ya mai da shi gida, yana rataye kai ƙasa, awartakansa biyu a miƙe waje. Yanzu da zarar na kusanto da ɗan guntun jatan lande a bakin hantsaki, sai ya leƙo, ya fizge, ya koma. In kifi ya razana shi kuwa, sai ya buɗe wutsiyar nan da yake naɗewa a ƙarƙashin ciki ya kaɗa ta, ya yi baya da gudu, kafin ka ƙifta ido ya ɓace. Bai taɓa taɓa min murjani ba.

Mai gashin kuwa na taɓa saye. Kyau kam yana da shi, amma bai daɗe ba, kuma ban sake marmarinsa ba.

Dalilin yana ga inda kowannensu yake zama a teku. Lauriea siagiani a jikin wani ƙaton soson teku mai siffar ganga yake rayuwa, Xestospongia testudinaria, a ruwayen Indonesiya da Filifin da kewaye. Wannan soso ba abin da za ka riƙe a tankin gida ba ne. Allogalathea shi ma yana da mai masauki, wato kirinoyid, dangin tauraron teku mai hannaye irin gashin tsuntsu, yana fakewa a tsakanin hannayensa yana tsintar abincin da suka tace daga ruwa. Bambancin shi ne, in babu kirinoyid yana iya haƙura da dutse mai ramuka, ya karɓi abincin hannu. Kada ma ka bari a haɗa maka shi da kirinoyid ɗin a ce sai da shi. Kirinoyid yana cikin abubuwan da suka fi wahalar riƙewa a tanki, yawanci yunwa ce ke kashe shi a hankali, hannayensa na kakkaryewa ɗaya bayan ɗaya.

Raba mai gashin da mai ratsin ba aiki ba ne, ko daga nesa za ka gane. Lauriea gajere ne, mai faɗi, dogon gashi ya lulluɓe shi har ƙafafu, kuma ɓawon bayansa ba shi da layukan nan da ke ratsawa daga gefe zuwa gefe. Allogalathea siriri ne, gaba ya tsuke baya ya buɗe, gashinsa gajere, bayansa cike da layuka a jere. Abin lura ɗaya game da mai gashin: yana da ɗan'uwa, Lauriea gardineri, wanda launinsa ya koɗe zuwa ƙasa-ƙasa, ba shi da hodar nan da zanen shunayya na siagiani.

Inda aikin yake shi ne cikin masu ratsin kansu, kuma nan ne ake yi wa mutane rufa-ido. Akwai wasu na wani jinsi daban, Galathea, da su ma ke zama a jikin kirinoyid, irin su Galathea inflata, da duhun jiki da farin layi, a hoton waya ba za ka raba su da Allogalathea ba. Abin da ke raba su shi ne tsinin da ya fito a goshi tsakanin idanu biyu. Na Galathea gajere ne, mai faɗi, mai kusurwa uku, yawanci da haƙora 4 a kowane gefe, manya, ana ganinsu sarai. Na Allogalathea dogo ne ƙwarai, ya yi gaba ya bar idanu can baya, da ƙananan haƙora 5 zuwa 9 a kowane gefe, kamar bakin zarto. In kuwa ka ga tsinin siriri ne tsaf ba faɗi, da wata ƙaya ɗaya a saman kowane ido, duka uku ke nan, to ka shiga dangin Munida. Waɗannan yawancinsu na ruwa mai zurfi da sanyi ne, ba su da abin yi a tankin murjani mai ɗumi.

Launi kuwa kada ka dogara da shi ko kaɗan. Allogalathea elegans yana zuwa baƙi ƙirin, ko ja, ko ruwan ɗorawa, ko mai layi biyu, ko mai layuka da yawa, galibi daidai da launin kirinoyid ɗin da yake kai. Wannan ne ma ya daɗe yana rikita masana. Masana biyu, Adams da White, su ne suka fara bayyana shi a 1848 a matsayin Galathea. A 1969 masanin nan na Japan, Keiji Baba, ya ware masa jinsinsa na daban, kuma shi ne dai ya bayyana Lauriea siagiani a 1994. Fiye da shekara 40 ana ɗauka Allogalathea nau'i ɗaya ne tak daga gabashin Afirka har tsibiran Fasifik, sai a 2011 masana uku, Cabezas da Macpherson da Machordom, suka haɗa nazarin siffa da na ƙwayoyin halitta, suka nuna huɗu ne: elegans, babai, inermis da longimana. Mai sauƙin ganewa a cikinsu shi ne longimana, don awartakansa sun kai wajen ninki uku na tsawon ɓawon bayansa. Babai yakan zo da faffaɗan layi ɗaya mai haske a tsakiyar baya. Sauran bambancin na ƙananan ƙayoyi ne da gashi a jikin awartaki da ƙafafu, sai an sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A ganina, ga mai tanki, wannan matakin ba ya canja komai, domin riƙonsu iri ɗaya ne. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora wa dabba sunan da ba nata ba don a ƙara mata kuɗi.

Ga dabarar da ta fi yi min amfani. Mai rai ba ya tsayawa ka ƙirga masa haƙora, amma yana yin saɓa. Wata safiya za ka tarar da ɓawonsa a ƙasan tanki, cikakke, har ka tsorata ka ce ya mutu. Ɗauko shi da hantsaki a hankali, ka sa a farin faranti da ɗan ruwa, ka haska fitila daga gefe, ka duba da madubin hannu mai ƙara girma sau 10. Komai yana nan: tsinin goshi da haƙoransa, layukan baya, ƙayoyin gefe. Har za ka ga ƙananan ƙafafu biyu na ƙarshe a naɗe a gefen ɓawo, waɗanda yake share jikinsa da wurin numfashinsa da su. Su ne suka sa in ka ƙirga ƙafafun tafiya kake samun uku a kowane gefe maimakon huɗu, kuma wannan ne ke nuna maka dangin ƙaguwar nan mai shiga kwanson dodon koɗi ne, ba lobsta na ainihi ba. Nau'o'in lobsta masu tsuguno a duniya sun haura 900.

Wajen auna awartaki ka yi hattara. Suna yar da hannu in an matsa musu, sabon da ya tsiro kuma ƙarami yake fitowa sai bayan saɓa da dama. Ka auna da wanda ya fi girma, in duka biyun sun yi ƙanƙanta ka jira.

Ba ka tambaya ba, amma bari in faɗa maka game da masu sayarwa, don wasunsu ba su da tsoron Allah. Kada ka yi cinikin biri a sama. Hoton da aka ɗauka a ƙarƙashin shuɗiyar fitila yana mai da koɗaɗɗen gardineri ya zama hoda. Ka ce a ɗaukar maka hoton ainihin wanda za a ba ka, da farin haske, daga sama, goshi ya fito. In mai sayarwa ya fara kame-kame, bar shi. Akwai kuma masu kiran ƙaguwar faranti, wato Petrolisthes da danginta, da sunan lobsta mai tsuguno. Ita ma ƙafafun tafiyarta uku ne a gefe, amma bayanta zagayayye ne, awartakanta masu faɗi a shimfiɗe, ba ta da dogon tsini, kuma za ka gan ta tana kaɗa wasu hannaye masu gashi a bakinta tana tace ruwa. Mafi muni shi ne wanda zai nuna maka kumburi a gefe ɗaya na ɓawon baya ya ce mace ce mai ƙwai. Ƙwai a ƙarƙashin wutsiya yake, ƙanana-ƙanana a dunƙule. Kumburin gefe ɗaya wani ƙwaro ne mai shan jini da ya shige wurin numfashinta.

Idan mai ratsin ya iso, kada ka juye shi cikin tanki kai tsaye. Ka riƙa ɗiga masa ruwan tankinka a hankali har gishirin ya daidaita, don canjin gaggawa yana kashe su. Maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe kada ya shiga tankin ko sau ɗaya. In kana da kifayen da ke farautar jatan lande, to shi ma abincinsu ne, musamman ranar da ya yi saɓa jikinsa na da laushi, sai ka zaɓi ɗaya tsakaninsa da su. Turo hoton goshin in an aiko maka, mu ƙirga haƙoran tare kafin ka tura kuɗi.