Bayanin tsakar rana a gidan tarihi na Jos: minti 40 da ban yi asararsu ba

Shekara da shekaru ina wuce gidan tarihin nan na Jos, wanda ke manne da gidan zu, amma in ba ran sallah da muka kai yara kallon dabbobi ba ban taɓa tsayawa ba. Satin da ya wuce wani abokin aikina ya ce mu leƙa a hutun cin abincin rana, muna idar da azahar muka shiga, muka samu wani dattijo cikin masu yi wa baƙi bayani. To wallahi tun ranar na koma sau 2 kuma zan sake komawa.

Wajen tsohon kan jirgin ƙasa ya fara kai mu, wanda aka ajiye a fili. Ɗan ƙarami ne, na dafa ƙarfen da sanyinsa duk da rana na tsaka, na ce Baba wai wannan ne ya hawo dutsen nan tun daga Zariya? Ya ce ɗana shi ne fa. Layin ana ce masa Bauchi Light Railway, faɗinsa ƙafa 2 da rabi kacal, ya iso Jos da Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Kuma bai taɓa shiga garin Bauchi ba, sunan ya samo asali ne saboda lokacin duk yankin nan a ƙarƙashin lardin Bauchi yake, sai 1926 aka yanke lardin Filato. Babban layin da ya biyo ta Kafanchan kuwa a 1927 ya zo. Ni da kullum nake cefane a Taminus ban taɓa tunanin cewa sunan daga ƙarshen layin dogo ya fito ba, sai ranar.

Amma inda bayanin ya fi taɓa ni shi ne maganar kuza. Ba don fasinja Turawa suka shimfiɗa dogon ba, don kuza ne. Kafin jirgi a ka ake ɗaukarta, 'yan dako su yi ta tafiya kwana da kwanaki har Loko a bakin kogin Binuwai sannan a zuba a jirgin ruwa, ka duba fa, daga saman dutsen nan mai tsayin wajen mita 1,200 har can ƙasa da kaya a wuya. Sannan lokacin yaƙin duniya na 2 da Jafan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai aka koma kwaso mutane daga lardunan Arewa a kan dole ana kawo su haƙa, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Mutanen da suka saba da zafi aka jefo su cikin sanyin Jos ba bargon kirki ba wadataccen abinci, da yawa ba su koma gida ba. Kakana ya sha ba mu labarin wani wansa da aka ɗiba haka, muna yara muna jinsa kamar tatsuniya, ranar nan a tsaye gaban jirgin sai da na ji idona ya kawo ruwa.

Na ji daɗi da bai nuna kamar Bature ne ya gano kuza ba, ya faɗa ƙarara cewa mutanen garin Ririwai, da ke jihar Kano a yau, sun daɗe suna narka ta tun kafin zuwan Turawa.

A ciki ya nuna mana kawunan yumɓu na Nok, wata tsohuwar al'umma ta zamanin da, su ma a wajen haƙar kuza aka fara tono su a 1928, har akwai wanda wani ya mayar mutum-mutumin tsorata dabbobi a gonar doyarsa kafin ya isa hannun Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan a 1952. Ɓangaren gine-ginen gargajiya mai kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya sai a zuwa na biyu na gani, shi kaɗai yana son yini guda.

Abin da ya ɗan rage min armashi wasu samari ne da suka shigo suna ta hoto da shewa a jikin jirgin, Baban na magana ba wanda ya saurara, sai da ya ɗaga murya. Kuma hutun rana gajere ne, kana cikin jin daɗi lokacin komawa ofis ya yi.

In za ku je ku je ranar aiki ba Asabar ko Lahadi ba, ku nemi mai bayani tun daga ƙofa kar ku yi ta yawo ku kaɗai, ku riƙe ɗan abin da za ku sallame shi da shi don ya cancanta. Ni zuwa na gaba da mahaifiyata zan je, ita ta san sunan ƙauyen da aka ɗebi wan kakan namu, ina so ta faɗa wa Baban da bakinta.