Kafin ka sayi ƙamusun Jafananci, gwada shi da kalmar "okashii"

Duk mai niyyar kashe kuɗinsa a kan ƙamusun Jafananci, ina ba shi shawara ya buɗe shi tukuna ya nemi kalma guda: okashii. Tana nufin abin dariya, amma kuma tana nufin abin da bai yi daidai ba, ko abin da ke da alamar tambaya. Ka ce wasan barkwanci na manzai ya yi okashii, ka yabi masu wasan. Ka ce kan mutum okashii ne, to ka kira shi mai taɓin hankali. Ƙamusun da bai raba maka waɗannan ba zai jefa ka cikin kunya a gaban mutane.

Ƙamusun Jisho na intanet kyauta ne, kuma tushensa aikin da Jim Breen ya fara a Jami'ar Monash ta Ostireliya a 1991. Ya isa ga mai farawa, sai dai jero ma'anoni yake yi da Turanci a taƙaice. Babban ƙamusun Kenkyusha, bugu na 5 na 2003, ya fi shi nesa ba kusa ba wajen jimlolin misali, kuma a cikin jimla ne ake gane inda dariya take da inda zargi yake. Tsada da nauyi ne matsalarsa.

Inda zaɓi ya fi wuya shi ne tsakanin manyan ƙamusun nan biyu na Jafananci zalla. Kojien na kamfanin Iwanami, wanda ya fara fitowa a 1955, yakan fara da tsohuwar ma'ana kafin ta yau. Wannan na da daɗi ga mai son adabi, domin shekaru dubu da suka wuce, a fadar Kyoto, wokashi, wato tsohuwar sigar okashii, na nufin abu mai kyau da ke burge zuciya, ba abin ƙyalƙyala dariya kaɗai ba. Daijirin na Sanseido, tun 1988, ma'anar yau yake sa wa a gaba.

Ni dai, ga wanda ke son fahimtar shirye-shiryen barkwanci na talabijin da hirar yau da kullum, Daijirin zan ce ya ɗauka. Kuma ya duba omoshiroi a ciki, domin ita ce ake faɗa idan ana son yaba wa mutum cewa yana da ban dariya ba tare da an ɓata masa rai ba.