But ɗin gwanjo mai ƙusa 6 a filin ƙauye

Masu tsaron baya na ƙananan kulob ɗin ƙwallon ƙafa a ƙauyukan Jigawa na son but ɗin gwanjo mai ƙusoshin ƙarfe 6, irin na kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano. Fatarsa kam ba laifi, tana jure taku. Matsalar a tafin take: don ciyawa mai laima aka yi shi, filayenmu kuwa da rani sun bushe ƙamas. Ƙusa ba ta nutsewa, nauyi ya taru a diddige, kana juyawa bin ɗan gaba sai targaɗe. Mai ƙusoshin roba 12 ya fi dacewa. Kafin ka biya, lanƙwasa tafin. In gam ya buɗe a baki, shumeka ya zagaye shi da ɗinki, don zafin yashi na saki gam.