Gargaɗi: masu tallar "ƙwaron dala" sun shigo Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'ar Kebbi. Duk wanda aka saka a wani zauren WhatsApp da ake tallar wani ɗan farin ƙwaro wai shi aisofod, ana cewa ka kiwata su zo su saya su kai Turai, don Allah ya riƙe kuɗinsa. Ɗan ƙanwata ya yi asarar N85,000 a wannan harka, kuɗin da ya tara da aikin shinkafar rani a fadama, kuma na san aƙalla mutum biyu a Jega da suka faɗa.

Ga yadda suke yi. Za ka ga bidiyo a TikTok ko Facebook, wasu ƙwari masu kyau, fuskarsu ruwan ɗorawa kamar ta ɗan agwagwa, ana cewa Turawa na sayen guda ɗaya da daloli. Ka yi magana, a jefa ka zaure. Rajista N5,000. Robar ƙwarin fara kiwo N40,000. Sai "abinci na musamman" da wai daga waje ake kawo shi. Alkawarin shi ne bayan wata uku za su sayi kowane ɗa da aka haifa a kan N500, kuma in ka kawo mutum uku a ba ka kyauta. Wanda ya ga abin da MMM, wancan tsarin zuba kuɗi na damfara, ta yi wa mutane a ƙarshen 2016, daga jin "kawo mutum uku" ya san inda aka dosa. Yaranmu na yanzu ba su ga wancan ba.

Ni ban san yaron ya shiga ba sai ranar da ya same ni bayan la'asar yana sosa ƙeya.

"Kawu, don Allah ka ara mini dubu talatin in ƙaro maza. Sun ce matan sun yi wa mazan yawa, shi ya sa ba su haihuwa."

Na ce ya ɗauko mini su in gani. Ya kawo robobin abinci guda biyu, ɗaya an rubuta "mata", ɗaya "maza". Muka kai wa wani abokina da ke koyar da ilimin halittu a sakandare, ya sa madubin ƙara girma ya duba. Bai daɗe ba ya fashe da dariya, sannan ya ba yaron haƙuri. Robar matan, ƙwaron gaskiya ne, sai dai waɗanda suka rage da rai ba su kai goma ba. Robar mazan kuwa gara ce. Garar da ke cin azarar ɗakinmu, ita aka sayar masa a kan N25,000.

A nan nake so a tsaya a fahimta, domin da abin gaskiya suke lulluɓe ƙaryar. Halittar tana nan, kuma a Amurka da Turai akwai masu kiwonta don sha'awa. Irin fararen ƙananan sunansu na kimiyya Trichorhina tomentosa, asalinsu yankin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, tsawonsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Ko da muke ce musu ƙwari, dangin ƙaguwa ne da jatan lande. Ƙafafunsu 14, gara kuwa 6 gare ta, kuma da haka malamin ya rarrabe su nan take. Babban abin shi ne wannan iri ba ya buƙatar namiji sam. Macen ita kaɗai take yin ƙwai, ta riƙe su a wata 'yar jaka a cikinta har su ƙyanƙyashe. To wanda ya ce zai sayar maka da namijinsu, me yake sayarwa?

Saboda wannan saurin yaɗuwa, a can ƙasashen suna cikin mafi arha. Masu kiwon kwaɗi da ƙadangaru a akwatin gilashi ke zuba su don su cinye ruɓaɓɓen ganye da kashi, wani lokaci kwaɗin su ci su. Wanda ke da roba ɗaya, kafin shekara ya rasa inda zai kai su. Wane Bature ne zai baro maƙwabcinsa ya aiko Kebbi a saya masa a N500? Masu fuskar agwagwar nan na cikin bidiyo wani iri ne daban, daga kogunan duwatsu na ƙasar Tailan, su ne masu tsada, kuma ba su ake aiko muku ba. Ga shi fitar da abu mai rai daga Najeriya sai da takardar hukumar killace dabbobi da tsirrai, wato NAQS. Na sa yaron ya tambaye su takardar a zaure. Kafin magariba an cire shi.

Akwai kuma wata dabara da ta fi ba ni haushi. Waɗannan halittu da wani abu mai kama da na kifi suke numfashi, in jikinsu ya bushe sun mutu. Sun fi son danshi da yanayin da bai kai digiri 30 ba. Mu kuwa a watan Afrilu zafinmu na haura 40, hunturu kuma ko leɓen mutum tsagewa yake. An ɗora roba a bayan mota daga wata jiha, ta wuni a rana a tasha, me zai rage? Su masu tallar sun san haka. Shi ya sa a sharuɗɗansu suka rubuta cewa in sun mutu sakacinka ne, sai ka sake saye. Ranar sayen 'ya'yan da aka yi alkawari ba za ta taɓa zuwa ba.

Shi "abinci na musamman" da muka buɗe, dusa ce aka gauraya da dakakken busasshen ganye. Alhali abincinsu na gaskiya yana zube a kowane gida: busasshen ganyen da ba a fesa wa magani ba, ruɓaɓɓen itace, ɗan ɓawon ƙwai dakakke. Ni dai ban sa musu ganyen darbejiya ba, tunda da shi muke korar ƙwari a rumbu.

Kuɗin da yaron ya tura sau uku, asusu uku ne daban-daban, kowanne da sunan mutum, babu na kamfani. Ba shago, ba adireshi, kaya sai ta hannun direba. Masu turo hoton alat a zauren suna "Alhamdulillah an biya ni", ka nemi ɗaya ka ce ku haɗu ido da ido a babbar kasuwa ka ga ko zai zo.

Wanda ya riga ya tura, kar kunya ta sa ya yi shiru. Ya ɗauki hoton hirarrakin da rasit ɗin kafin su goge, ya je bankinsa da wuri ya shigar da ƙorafi, ya kai rahoto wurin 'yan sanda. Ofishin EFCC na Sakkwato ma yana karɓar ƙorafin mutanen Kebbi. Mu mun kai namu, muna jira.

Jiya wani ya nuna mini sabon zaure da aka saka shi, lambar wayar ɗaya ce, sunan kawai aka canza. Ku tura wa 'yan uwa na Argungu, Yauri da Zuru. Garar mun zuba wa kaji. Sauran 'yan ƙwarin suna nan a robarsu gindin randa, yaron na yayyafa musu ruwa safe da yamma, har sun fara haihuwa ba tare da namiji ba.