Kafin ka zuba kuɗinka a azurfa, karanta wannan

Yayata ce ta ɗauki adashe ta kira ni wai tunda gwal ya fi ƙarfinta yanzu so take ta sayi azurfa ta ajiye, nace Yaya tsaya tukuna, wace iri? Don azurfar ba ɗaya bace, kuma yadda ka saya shi zai nuna abinda zaka samu ranar sayarwa.

Ta farko dai kayan ado ne, zobe, sarƙa, awarwaro, irin wanda zaka gani a Kurmi ko wajen maƙeran fari. Mai kyau zaka ga an buga mata 925, wato kashi 92.5 cikin 100 azurfa ce, sauran yawanci jan ƙarfe ne don ta yi ƙwari. Matsalar kawai kuɗin aiki, ka biya shi ranar saye amma ranar da ka mayar sikeli kawai za'a ɗora a biya ka nauyi, aikin ya tafi kenan. In don kwalliya ne ko zoben maigida toh bismillah, in don ajiya ne gaskiya ban baki shawara ba Yaya.

Ta biyu ita ce ta ajiya, sanduna ko sulalla masu lamba 999, wato kusan azurfa zalla, ana lissafinsu da giram ko oza, oza ɗaya giram 31.1 ce. Ni ita na fi yarda da ita, farashinta na bin na duniya kai tsaye, ka duba a waya ka buga da canjin dala na Wapa ka san inda kake kafin mai shago ya buɗe baki. Sai dai tana da nauyi da cin waje, kuma masu sayenta a Kano basu kai na gwal yawa ba, don haka tun kafin ka biya ka tambaye shi nawa zai karɓa in ka dawo da ita gobe, tazarar nan ita ce asararka ta farko.

Akwai masu cewa a shiga manhajar waya a sayi hannun jarin kamfanonin haƙo azurfa, irin su Fresnillo na Meziko. Nan fa a yi hattara. Misali a ce kamfani na kashe dala 20 ya haƙo oza ɗaya ana sayarwa 25, ribarsa 5, in farashi ya kai 30 riba ta ninka, amma in ya sauko 20 babu komai, ga yajin aiki ga haraji ga tsadar mai. Ba harkar mai kuɗin adashe bace wlh.

Abinda mutane basu sani ba, kusan kashi 70 na azurfar da ake haƙowa a duniya ba don ita aka haƙa ramin ba, tana fitowa ne tare da dalma da tutiya da jan ƙarfe da gwal, shi yasa ko farashi ya tashi ba'a iya ƙara yawanta da sauri. Meziko ce kan gaba, sai Sin da Peru, duk duniya wajen tan dubu 25 a shekara, ga masu haɗa sola da kayan lantarki suna ta kwasa. Amma kar wannan ya ruɗe ka, a 1980 oza ɗaya ta kusa dala 50 ta faɗo, a 2011 ma haka, a Maris 2020 har wajen dala 12 ta taɓa. Kuɗin da zaka buƙata da azumi ko na makarantar yara kar ka saka anan.

Ranar saye ka tafi da maganaɗisu, azurfa bata kama shi, duk da jabu ma akwai wadda bata kamawa, don haka a gwada maka a gabanka a rubuta nauyi da lamba a rasit. Baƙin da take yi in ta jima ba alamar jabu bane, gogewa kawai take so. Sannan a biya hannu da hannu banda bashi, kuma in ta kai giram 595 ta shekara a hannunki Yaya, zakka ta hau kanta.