Maɓallin rigar mai farin ciki: sharhi kan wata opera ta awa guda

Ni ba ma'abociyar opera ba ce, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa da kiɗa. A da, da na ji an ambace ta sai in tuno mace mai ƙaton murya tana kwarara ihu awa uku da Italiyanci. Ƙanwata da ke karatu a Faransa ce ta matsa mini sai na kalli bidiyon Picture a Day Like This, ta ce: "Yaya, awa ɗaya ce kacal, in ba ki so ba ki zage ni." Sai da yara suka yi barci na sa iyafis na kunna.

Baturen Ingila George Benjamin ne ya tsara kiɗan, Martin Crimp ya rubuta kalmomin da Turanci. An fara nuna wasan a watan Yulin 2023 a bikin Aix-en-Provence da ke kudancin Faransa, Benjamin da kansa yana jagorantar makaɗan Mahler Chamber Orchestra. Ƙaramar opera ce: mawaƙa biyar, makaɗa ashirin da 'yan kai.

Labarin kamar tatsuniya. Wata mata ɗanta ya rasu, ta ƙi yarda. Aka ce mata in ta samo mutum ɗaya mai cikakken farin ciki, ta cire maɓalli daga hannun rigarsa kafin dare, yaron zai dawo. Aka ba ta takarda da jerin waɗanda za ta nema. Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya ga uwar da ake ta ce wa "a yi haƙuri" alhali ba ta jin kowa, zai gane fuskar Marianne Crebassa, wadda ta fito a matsayin uwar, tun a mintunan farko.

Ta fara da wasu masoya biyu. Wannan ɓangaren bai burge ni ba, kuma ba na kallo da yara ba ne. Daga nan wasan ya kama ni. Ta sami wani mai sana'ar yin maɓallai, rigarsa shaƙe da su, yana rantsuwa yana cikin farin ciki. Ashe magani ke riƙe da shi tun da inji ya ƙwace masa sana'a. John Brancy, wanda ya fito a matsayin mai maɓallan, yana hawa da murya har ta zama siririya kamar za ta tsinke, sannan ya faɗo ƙasa. Da ya nuna tabon da ke hannunsa sai da na tsayar da bidiyon na sha ruwa.

Amma inda na fi maimaitawa shi ne wurin shahararriyar mai tsara kiɗa. Tana sauri, mataimakinta na biye yana lissafa biranen da ake jiranta, ko lokacin tsayawa ba ta da shi. Tana cikin yabon kanta sai bakinta ya suɓuce: tana tsoron duk abin da ta yi ba komai ba ne. Dariya ta kama ni, don mai tsara kiɗa ne ya zauna ya yi wa wannan kiɗa, wato ɗan gida ne ke tona asirin gida. Bayanta sai attajirin da ya cika ɗakuna da zane-zane masu tsada, shi kaɗai a ciki, yana roƙon baƙuwa ta so shi. Brancy ne dai ya sake fitowa a nan.

Kiɗan ba ya cika kunne. Wani lokaci kayan busa biyu ne kawai ke bin murya, sai shiru. Da lasifikar waya rabinsa zai ɓace. Kada ku sa ran waƙar da za ku tashi kuna rerawa, babu ita. Dandalin ma ya yi mini sanyi da yawa, bango mai ƙyalli kamar madubi, ba abin da ido zai huta a kai, sai a ƙarshe da lambun Zabelle, mace ta ƙarshe da uwar ta je wurinta, ya bayyana da launuka kamar tsirran ƙarƙashin ruwa. Anna Prohaska ce Zabelle, muryarta da ta Crebassa suna nannaɗe juna har ka kasa raba su. Zabelle kaɗai ce ta yi kama da mai farin ciki, kuma dalilin da ta bayar ba zan faɗa muku ba.

Ko matar ta sami maɓallin? Ni da ƙanwata mun kwashe rabin awa a waya muna musu kan abin da ke tafin hannunta. Ita ta ce mu'ujiza ce, ni na ce uwa ce kawai da ta ƙi sakin abin da ta riƙe. Katina ne ya ƙare.